Kafin ka sayi kwamfutar tace bidiyo, tambayi jigan ram

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƙannena masu shigowa sana'ar ɗaukar bidiyo da tace shi a nan Garwa da Marwa, inda yanzu ba biki, ba suna, ba saukar Alƙur'ani sai ka ga yaro da kyamara a wuya. Shekarata tara a wannan aiki, kuma da wuya sati ya wuce wani bai shigo shagona a Yelwa ba, kwamfuta a hammata, fuska a murtuke, wai ƙwayar cuta ta kama ta. Sau tari lafiyarta lau. Ram ne ya yi mata kaɗan, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai.

Ni ma ta nan aka kama ni. Kwamfutata ta farko ta hannu ce, mai shagon ya bugi ƙirji ya ce jiga 500 ce (jiga shi ne gigabyte, ma'aunin girman ajiya), na ƙirga masa kuɗi har ina godiya. Ashe 500 ɗin na faifan ajiya ne. Ram ɗin 4 ne kacal, kuma an liƙe shi da dalma a jikin allon cikin injin, babu ramin ƙari. Aikin farko da na karɓa bikin 'yar wani ɗan kasuwa ne. Na jera kamu da ɗaurin aure da kai amarya, na ɗora kiɗa, na danna in kalla. Hoto ya ƙame a kan amarya baki buɗe, murya kuwa ta yi gaba abinta har an shafa fatiha. Kwana huɗu gwaggon amarya tana aiko yaro. Rana ta biyar ta zo da kanta, ta zauna a bencina, ta ce: "Ɗana, yau ko dare zai raba, da faifan nan zan koma gida."

Abin da ban gane ba a lokacin, faifan ajiya rumbu ne, ram kuma turmi. Komai cikar rumbu, abin da turmi ya ɗauka shi ake dakawa. In turmin ƙarami ne, rabin yinin mai daka a hanyar rumbu zai ƙare. Da ram ya cika, kwamfuta takan koma aron wuri a faifan ajiya, shi kuwa faifan, balle tsohon nan mai juyawa, tafiyar hawainiya yake yi. Daga nan sai ƙamewa da tsalle-tsallen hoto.

Bidiyo kuwa ba ƙaramin ci gare shi ba. Cikakken HD ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. Hoto guda in an warware shi yakan kai kusan mega 6, kuma hotuna 25 ko 30 ke wucewa a daƙiƙa. Na 4K ninki huɗu ne na wannan. Ita kanta Windows takan lashe jiga uku ko huɗu tun ba ka buɗe komai ba, ga kuma yaranmu ba sa aiki sai YouTube da WhatsApp na buɗe a gefe.

Kamfanin Adobe ya ce manhajarsa ta tace bidiyo, Premiere Pro, za ta tashi da ram jiga 8, amma shawararsa 16 ga mai HD, 32 ga mai 4K. Manhajar DaVinci Resolve kuwa daga 16 take farawa a kan Windows. Abin da na gani da idona bai saɓa wa wannan ba. Takwas za ta fitar da kai in gajeren bidiyo kake yanka wa masu talla. Amma bikin awa biyu da kyamara biyu, da gyaran launi da rubutun sunayen dangi, kada ka sauka ƙasa da 16. Mai nema maka 64 don aikin biki kuɗinka yake so. Gara ka sa rarar a faifan SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, da batirin da zai riƙe ka in an ɗauke wuta, domin duk abin da ke cikin ram gogewa yake yi da zarar wuta ta yanke, mu kuma mun san halin da ake shiga a bazara in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya.

In ka je saye, kada ka tsaya ga bakin mai shago. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba da kanka. Yawancin injinan da ke zuwa mana da Faransanci suke, sai ka nemi inda aka rubuta Mémoire, jigan kuma Go za ka gani. A nan ɗin yakan nuna ramuka nawa ne, nawa aka cika. Ka kuma san irin ram ɗinka, don samfurin DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, tsagar ƙafarsu ba wuri ɗaya take ba. Na ga wanda ya sa aka kawo masa daga Mubi, ya danna da ƙarfi har ya karya maƙallin. Kuma ram mai jiga 8 guda biyu iri ɗaya sun fi mai 16 guda ɗaya gudu, tunda ta hanya biyu suke aiki.

Ban ce ram maganin kowace cuta ba ne. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, fanka ta toshe da ƙurar hunturu, ko jiga nawa gare ka injin zai rage gudu don kada ya ƙone. Wannan buɗewa da sharewa yake so.

Roƙona ga 'yan'uwa masu shaguna, ku riƙa rubuta lamba biyun a takarda ku manna a murfin kowace kwamfuta, ta ajiya daban, ta ram daban. Waccan tawa mai jiga 4 har yau tana nan a kusurwar shago, rasit kawai nake bugawa da ita.

Wassalam,
Mai tace bidiyon biki,
Yelwa, Garwa, Kamaru.