Baƙonku na ranar Asabar bai taɓa jiran mota a Lome ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina da ƙorafi a kan shirinku na rediyo na ranar Asabar, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Alhajin nan da kuka gayyato ya ce wai duk wanda zai dawo gida da zama daga Turai bai taho da motarsa ba ya yi wauta, tunda takarda ɗaya ce mutum zai karɓo daga ambasad, shi ke nan mota ta shigo. Mai gabatarwa kuma sai "to, to, madalla" yake ta yi, bai tare shi da tambaya ko ɗaya ba. Wallahi raina ya ɓaci.

Ni na taho da tawa daga Beljik a 2024, lokacin da na tattara iyalina muka dawo Maraɗi. Takardar sauya mazaunin da yake ta kurarawa na karɓe ta, tana nan cikin jakata har yau. Ta yi mini amfani a kan katifu da firji da kayan ɗakin maiɗakina, wannan ba zan musa ba. Amma ba ta biya kuɗin jirgin ruwa, ba ta biya transiter, wato mai fito maka da kaya daga tashar jiragen ruwa, ba ta biya kuɗin ajiya a tashar jiragen ruwa, kuma da motar ta iso lissafinta daban aka yi mata. Me ya hana shi faɗin wannan?

Tun daga can ma ba takarda ɗaya ba ce. A Beljik lamba ta mutum ce, ba ta mota ba, sai ka cire ta ka mayar kafin a soke rajistar. Sai takardar fitar da motar daga ƙasa, sai takardar jirgi da za ka aika wa wanda zai karɓe ta a wancan gefen, in sunan da ke kai ya saɓa da na kart giriz, wato takardar rajistar motar, ko da harafi ɗaya ne ka shiga uku. Duk wanda ya taɓa bi ta titin Heyvaert a Brussels, inda ƴan Afirka ke hada-hadar tsoffin motoci, ya san wannan. Amma bari in bar na can, ba shi ya fi ƙona mini rai ba.

Kotonu! Tun farkon shiri har ƙarshe bakinsa bai bar Kotonu ba. Mota ta sauka Kotonu, yaro ya tuƙo ta ta Paraku, ya haye gada daga Malanbil zuwa Gaya, ya hau Dosso, ya karya dama ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sai ga ta a ƙofar gidanka, ko Yamai ba ta leƙa ba. Haka ne, haka ake yi a da, duk mun sani. To shi Alhaji a ina yake tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023? CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, amma lokacin da motata ta baro tashar Anvers ta Beljik, gadar Gaya da ke iyakarmu da Benin a rufe take. Lome aka kai ta. Daga Lome kuwa sai ta ratsa Togo gaba ɗaya har Sinkase, ta shiga Burkina, ta bi ta Kaya da Dori ta faɗo Tera, kana Yamai. Kuma ba a kama wannan hanyar yadda aka ga dama, sai an tara ayari sojoji sun yi rakiya, saboda abin da kowa ya sani yana faruwa a yankin. Ayari bai tashi ba, motarka ba ta motsa ba. In ta iso Yamai ɗin ma da sauran aiki, akwai fiye da kilomita 600 tsakaninta da Maraɗi.

Jiran shi ne abin da ba wanda ya faɗa muku. Na zauna gidan haya babu abin hawa, yara na zuwa lakwal a kan kabu-kabu, ga ni da mota amma tana wata ƙasa tana cin kuɗin ajiya kullum garin Allah ya waye. Transiter ɗin da aka haɗa ni da shi, ba zan kama sunansa ba, in na kira da safe ya ce tana layi, in na kira da marece waya a kashe. Sai ya ɓullo da kansa ranar da yake son ƙari: yau na fili, gobe na tirelar da za ta ɗauko ta, jibi wata takarda da ban taɓa jin sunanta ba. Na ce ya turo mini rasit, sai ya turo hoton wata takarda da aka ɗauka a karkace, rabin hatimin ya fita daga hoton. Za ka ƙi biya ne? Motarka na hannunsa. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, mutum yana can yana ganin ya tara abin kirki, a nan zai ga yadda jika ke bin jika har ya rasa inda suka shige. Kuɗin da na ware don soma sana'a, da yawansu a wannan jiran suka tafi.

Ranar da ta iso kuwa, da ƙyar na gane ta. Jan ƙasa ya rufe ta har ba a ganin launinta, an rubuta lambobi da farin fenti a gilashin gaba, batir ya mutu sai da yaran unguwa suka tura. Madubin gefen direba babu, an bar wayoyinsa suna lilo. Rediyo babu, rami kawai. Na buɗe but, tayar safiya da jak sun yi gaba, sai wani tsohon silifa ƙafa ɗaya da ban san mai shi ba. Wa zan kama? Na jirgi zai ce lafiya ya sauke ta, na fili zai ce haka ya karɓe ta, mai tirela zai ce shi ɗauka kawai ya yi. Maiɗakina ta zagaya ta ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ce muka yi ta jira?" Ban ba ta amsa ba.

Sai batun duwan, wato kwastan, wanda Alhaji ya tsallake da cewa ai ba wani abu ba ne. Ba kuɗin da ka ce ka saye ta da shi kaɗai ake dubawa ba. Ana yi mata ƙima ne bisa irinta da shekarunta, a ɗora kuɗin da aka kashe wajen ɗauko ta, a kan wannan jimlar ake lissafa haraji, sannan ga harajin TVA kashi 19 cikin 100 a sama. Ni ban ce kada ƙasa ta karɓi haƙƙinta ba, na biya kuma na karɓi takarduna. Abin da nake cewa, a gaya wa mutane tun suna can, su yi lissafi da idonsu a buɗe. Bayan wannan ga sabuwar kart giriz, ga lamba, ga asirans, ga bizit na duba lafiyar mota, kowanne da layinsa da kuɗinsa.

Kun san inda kuka yi kuskure? Dillalin motoci kuka tambaya abin da ke samun magidanci. Shi Alhaji motoci yake lodowa da yawa a tashi ɗaya, yana da yaronsa zaune a tashar, yana da transiter ɗin da ke tsoron rasa cinikinsa. In madubi ɗaya ya ɓace ya ɗora a kan kuɗin wata motar. Mai mota ɗaya tilo, wanda zai yi abin sau ɗaya a rayuwarsa, babu mai jin tsoronsa. Wanda ke cikin inuwa ne kuka sa ya ba mu labarin rana.

Bai ma ce uffan ba a kan irin motar da ta dace a kawo. Akwai wani da muka zauna tare a can, ya kawo ta gazuwal mai kwamfuta ko'ina, ba ta jima ba fitilu suka kunno kai a gaban direba, ya zaga garejin garin nan kaf ba a samu mai na'urar da zai karanta ta ba, kayan gyaranta kuma sai an yi oda. Tana nan an lulluɓe ta da tampol. Da Toyota ce, da kayanta na nan birjik a kasuwa. Ga masu kawo ta Ingila mai sitiyari a dama, a ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, ka zo wuce tirela a hanyar Ƙonni sai na kusa da kai ya leƙa maka.

Kuma a Maraɗi muke fa. A ganina masu dawowa da zama daga Katsina da Kano sun fi na Turai yawa nesa ba kusa ba, ba a ambace su ko sau ɗaya ba. Mutum ya saba shigowa ta Ɗan Isa da motarsa mai lambar Najeriya da takardar wucewa ta ɗan lokaci, ya yi sallah ya koma. Ranar da ya dawo da zama wannan takardar ba za ta riƙe shi har abada ba, dole motar ta bi ta duwan ta karɓi lambar gida. Wa ya yi musu bayani?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayata. Ta ji shirin, a daren ta aika wa ɗanta da ke Italiya saƙon murya ta WhatsApp cewa rediyo ta faɗa, lalle ya turo motarsa kafin ya dawo. Na ce Yaya, ki yi haƙuri, ba haka abin yake ba. Ta ce ni na fi rediyo sani ne? Kun ga nauyin da ke kanku. Ku sake shirin nan, ku nemo wanda ya shigo da motarsa bayan 2023, ku nemo transiter, ku nemo ma'aikacin duwan da zai faɗi lissafi dalla-dalla, ku zaunar da su gaban Alhaji mu ji ko zai maimaita.

Sannan don Allah wannan layin wayar taku, na masu saurare ne ko na wasu ƴan gata? Ana cewa a kira, ka kira ka ji ana magana, in ya shiga a katse, amma kullum muryoyin nan guda da muka haddace su ne ke samun shiga su gaida abokansu na kasuwa har lokaci ya ƙare. Ranar Asabar ana tsakiyar maganar duwan kuka yanke kuka saka tallan maganin basir, da aka dawo mai gabatarwa ya manta inda aka tsaya ya shiga sallama. A gyara.

Wassalam.

Mai sauraronku daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi