Godiya ga Garejin da Ya Dawo Mini da Birkin Babur Ɗina

Zuwa ga Maigida da yaransa, a garejin babura na Farin Gada, Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da aiki. Maigida, na san ba ku son a riƙa yayata ku, shi ya sa ban sa suna ba. Amma ranar da na zo ɗaukar babur na yi godiyar baki a tsaitsaye, kuna ƙarƙashin wani mashin hannu duk baƙin mai, kuka ce "ba komai" ba tare da kun ɗago ba. Na koma gida ina jin ban sauke nauyi ba. Ga sauran godiyar, a bainar jama'a.

Babur ɗina Suzuki Bandit 1200 ne na hannu, ya girmi ɗana na fari. Nauyinsa ya haura kilo 200, birkinsa na gaba faranti biyu ne, kulocinsa kuma ba na waya ba ne irin na Boxer ko Jincheng da muka saba, da mai yake aiki. A ƙarshen damina na kama hanyar Akwanga. Ina tsakiyar gangaren Hawan Kibo, da tirela a gabana tana rarrafe, na matsa birki sai hannun ya taho luf har ya taɓa yatsuna. Babu komai a cikinsa. Wanda ya san wannan gangare ya san abin da nake nufi. Da giya da birkin baya da salati na samu na raɓe gefen titi. Na zauna kan dutse gwiwoyina suna rawa. Bayan kamar rabin awa na taɓa birkin, sai ga shi ya dawo kamar ba shi ba.

Da na dawo gari na kai wa wani bakanike da ke kusa da gida. Ya ɗauko gorar man birki da ba ta da murfi, leda aka ɗaura mata, ya tuttula, ya sa yaro ya yi ta matsawa har kofin man birki na sama ya ƙafe ƙaf. Birkin ya ƙara lalacewa, ya koma kamar ana matsa soso. Hukuncinsa shi ne masta, wato famfon da ke jikin hannun birki mai tura mai, ta mutu, in nemo sabuwa daga Legas. Ga kuloci shi ma ya fara nasa: a tsaye a go-sulo na Taminus, na danne shi har ƙarshe amma babur na jan jiki gaba, furi kuwa sai na kashe inji nake samunta.

A haka na turo muku shi. Abin da ya fara burge ni, ba ku taɓa sifana ba sai da kuka sa na ba ku labari tun daga farko. Da na kai wurin da birki ya dawo bayan ya huce, kuka ce, "Tsaya nan. Masta da ta mutu ba ta farfaɗowa don ta sha iska. Manka ne ya tafasa." Kuka buɗe kofin, bayan fama da sukurorin da aka riga aka cinye wa kai, kuka tsoma farin tsumma kuka nuna mini. Man ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na sabo kuwa garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa.

Bayaninku ya zauna mini. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska a hankali, ta murfi da ta jikin tiyo. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba ya isa ya sauko da shi wajen 155. A doguwar gangara faranti da takalmin birki suna ɗaukar wuta, man ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmi a jikin faranti, tururi ya taru. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin yatsa ke isa ƙafar babur. Tururi da iska kuwa suna matsuwa, sai su shanye ƙarfin a hanya. Kuka tambaye ni yaushe rabon da a canza man. Na yi shiru, domin tun da na sayi babur ɗin ƙari kawai ake yi. Ashe duk shekara 2 ya kamata a zubar a zuba sabo.

Na tsaya na kalli aikin, kuma ina so masu babura su ji yadda aka yi shi. Kafin komai babban yaronku ya lulluɓe tanki da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce ɗigon man birki yana cin fenti. Sabuwar gora aka fasa a gabana. Aka zuƙe tsohon man kofi da sirinji, aka goge dattin ƙasansa. Sai aka sa sifana mai lamba 8 a bakin fitar da iska na kalifa, aka cusa siririn tiyo mai nuna ciki, ɗaya bakinsa a nutse cikin ɗan mai a gindin kwalba don kada iska ta koma. Daga nan sai waƙar da duk mai zuwa gareji ya sani: matsa, riƙe, a buɗe, a rufe, saki. Bambancin shi ne a nan ba a sakin hannu sai an rufe bakin, kuma ƙaramin yaron an ba shi aiki ɗaya tak, ya zuba wa kofi ido kada ya sauka. Wannan ɗan abu shi ne wanda aka kasa yi mini a wancan wuri.

An yi ɓangaren hagu da dama, mai ya fito fes, amma hannun bai yi tauri yadda kuke so ba. Ni da na taɓa na ce ai ya yi. Kuka girgiza kai. Kuka ɗauko babbar sirinji irin ta kemis, kuka cika ta da mai, kuka fitar da kumfar cikinta, kuka tura man daga ƙasa zuwa sama a hankali. Kuka ce iska sama take son tafiya, me zai sa a yi ta kokawar danna ta ƙasa? Sannan kuka karkata kan babur har masta ta ɗaga, kuna ƙwanƙwasa tiyo da gindin sukudireba kuna ɗan karkaɗa hannun birki. Na leƙa cikin kofi na ga ƙananan kumfa suna fitowa daga wani rami kamar bakin allura, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe a notin da ya haɗa tiyo da masta ta maƙale. Aka naɗe shi da tsumma, aka sassauta kaɗan hannu na danne, ta fita da ɗan tsaki, aka ɗaure da sababbin washa na jan ƙarfe.

Na ga famfon zuƙa na hannu rataye a bango, na tambayi dalilin da ba a yi amfani da shi ba tunda ya fi sauri. Kuka ce yana da kyau wajen janyo mai cikin busasshen tiyo, amma yakan zuƙo iska ta zaren bakin, mutum ya yi ta ganin kumfa har dare alhali ciki babu komai. Ban taɓa jin bakanike ya faɗi aibin kayan aikin da ya saya da kuɗinsa ba sai ranar.

Kuloci bai ɗauki dogon lokaci ba. Silindarsa ta ƙasa tana jikin murfin da ke rufe haƙorin cen na gaba, inda duk dattin cen ke taruwa. Robarta ta gaji tana tsiyaya. Aka canza, aka wanke sandar turawa, aka fitar da iska. Kun hana a cika kofinsa har baki, kuka ce na birki raguwa yake yayin da takalmi ke cinyewa, na kuloci kuwa hauhawa yake yayin da faranti ke cinyewa, dole a bar masa wuri.

Sai kuka buɗe wani gwangwanin madara kuka zazzage mini robobin da suka kumbura kamar an jiƙa wake. Na wani ne da aka zuba wa man giya a birki. Kuka ce in riƙa karanta murfin kofi kafin a zuba komai, domin wasu baburan KTM da BMW kulocinsu ba ya shan DOT, man ma'adini yake so, kuma DOT 5 mai launin shunayya ba ya haɗuwa da DOT 4 duk da kusancin lamba. Ƙaramin yaron yana gefe yana maimaitawa a hankali, da alama ba yau ya fara jin wannan karatu ba.

Babur ya kwana a wurinku, an ɗaure hannun birki da robar tib. Da safe na taɓa, yatsa biyu suka isa. Masta ɗin da aka yi wa jana'iza tana nan tana aiki, kuɗin da na ware don Legas ya koma buhun masara. Abin da kuka karɓa kuɗin mai ne da roba da washa da ladan hannu, kuma kun lissafa mini su ɗaya-ɗaya.

Ƙorafina ɗaya ne, Maigida: ku kafa allo a bakin layi. Sau uku na wuce ku ina tambaya, ina tura babur mai nauyin saniya. Bencin baƙi ma yana neman ƙusa.

Makon jiya na sake sauka Hawan Kibo, a giya ta biyu kamar yadda kuka ce, ina taɓa birki ina saki maimakon in kwanta a kansa. Har ƙasa hannun bai canza ba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya yi wa yaran nan albarka su ma su buɗe nasu. A gaida ƙaramin da ya tsare kofi.

Naku,
Mai baƙar Bandit