Sanarwa: a bar -ent ta yi shiru

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na saurari saƙonnin muryar da kuka turo jiya da daddare, kuma kusan kowa wuri ɗaya ya yi tuntuɓe: ana karanta parlent ta Faransanci, a cikin ils parlent (suna magana), da gaɓa biyu, par-lan. Ba haka ake furta shi ba. A aikatau na jam'i, wannan -ent ta ƙarshe a rubuce kawai take, baki ba ya taɓa ta. Il parle da ils parlent furucinsu ɗaya ne, parlent gaɓa guda ce tak. Haka ma il mange da ils mangent.

Bakin Bahaushe ya saba kawo wasali bayan baƙi, shi ya sa muke ƙirƙiro gaɓar da babu ita. Ni kaina sai da wata mai kunu a tashar Maraɗi ta gyara min, tana ta dariya.

To ta ina ake gane jam'i? Wani lokaci baƙin da ya yi shiru a tilo ne ke fitowa a jam'i: il finit, fi-ni, amma ils finissent, fi-nis. Il vient ta hanci yake fita, ils viennent kuma n ɗinsa a fili. In aikatau ya fara da wasali, s ta ils kan koma z ta haɗe da gaɓar gaba: ils aiment, il-zem.

Kada dai a ɗora wannan doka kan souvent ko vent, su ba aikatau ba ne, ana furta ƙarshensu ta hanci, t ce kawai ke yin shiru.

Kafin Juma'a kowa ya turo murya yana karanta acheter, j'achète da nous achetons, yana tafi a kowace gaɓa. Don Allah a kashe fanka kafin a naɗa.