Zaɓen Irin Lambu: A Lissafa Watan Fure Kafin A Saya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoman lambu, musamman na Jihar Kebbi, a kan wani al'amari da yake janyo mana asara duk shekara, wato yadda muke zaɓen irin kayan lambu da lokacin da muke zuba shi. Da yawa daga cikinmu, har da ma'aikata da matan aure da suke ɗan lambu a bayan gida, muna sayen iri ne saboda kyan hoton da ke jikin gwangwani, alhali kuwa hoton ba ya gaya wa mutum ko irin zai jure zafin Birnin Kebbi ko na Argungu.

Abin da ya kamata mai lambu ya fara tambayar kansa shi ne: a wane wata wannan shuka za ta yi fure? Tumatir shi ne babban misali. Yana iya yin ganye shar a cikin zafi, amma idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen yakan bushe ya zube ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Daga zuba iri a wurin reno zuwa fara fure akan ɗauki kimanin wata biyu. Saboda haka wanda ya zuba a watan Oktoba, furensa zai faɗo cikin sanyin hunturu, ya cika kwanduna a Janairu da Fabrairu. Wanda kuwa ya jinkirta zuwa ƙarshen Janairu, yana hangen tsadar da tumatir yake yi da bazara, furensa zai haɗu da Maris da Afrilu, lokacin da zafin yankinmu yakan wuce digiri 40. Sai ka ga mutum tsaye a bakin fangali yana cewa an yi masa baki, ko kuwa ya ƙara zuba taki da magani, ga ƙananan furanni rawaya a warwatse a gindin kowace shuka. Ire-iren da muka saba da su, kamar Roma da UC82B, na noman hunturu ne. Mai son noman bazara ko na damina wajibi ne ya nemi irin da aka tanada domin jure zafi da cututtukan damina, ya kuma gwada shi a fangali biyu ko uku kafin ya zuba dukiyarsa a kai.

Albasa kuma nata sharaɗin daban ne, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika bayyana shi ba a jihar da Aliero ta yi suna a duk faɗin Najeriya wajen nomanta. Tsawon yini ne yake sa albasa ta yi kai. Akwai ire-iren ƙasashen Turai da ba sa yin kai sai yini ya kai awa 14 ko fiye, mu kuwa a nan yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Duk wanda ya dasa irin wannan zai yi ta ban ruwa yana samun lawashi kawai. Wannan ne ya sa irin gida da manoman Aliero suke fitarwa daga albasar da suka zaɓa, da irin Galmi na Jamhuriyar Nijar, da Red Creole, suke karɓar ƙasarmu. A ganina, raina irin gida da wasu matasa suke yi don kawai ba a cikin gwangwani yake ba kuskure ne babba.

Latas da kabeji da karas duk 'yan hunturu ne. Latas ma da zarar zafi ya shigo sai ya miƙe ya yi ɗaci. Idan bazara ta kama, kuɓewa da alayyafo da yakuwa da rama da lalo su ne suke jin daɗinta muddin akwai ruwa, kuma kuɓewa ba ta ma son tsira a tsakiyar sanyi.

Sai batun lafiyar irin kansa, wanda shi ne ya fi damuna. A kasuwanninmu na mako za ka tarar da iri a shimfiɗe a kan buhu cikin rana tun hantsi har la'asar, wani gwangwanin an fasa shi ana auna wa mutane da murfin kwalba a ƙulla a leda, babu suna, babu kwanan wata. Iri abu ne mai rai, zafi da laima suna kashe shi, kuma irin albasa da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a ƙirga ƙwaya ashirin, a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa kusa da randa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda zuwa kwana goma, idan waɗanda suka tsira ba su kai goma sha biyar ba, to a sake shawara tun kafin a yi asarar man injin ban ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago. Haka nan duk irin da aka rubuta F1 a jikinsa iri ne mai aure. Yana ba da amfani mai yawa a shukar farko, amma idan aka matse 'ya'yansa aka ajiye don baɗi, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba.

Tun shekarar 2019 aka sabunta dokar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, wadda ta ba ta ikon hukunta masu sayar da jabun iri, kuma hukumar ta fito da tambarin Seedcodex da ake kankarewa a tura lambar ta waya don tantancewa. Ina kira gare ta da ta kawo wannan aiki har kasuwannin Jega da Yawuri da Zuru, ta kuma tilasta wa dillalai su riƙa nuna sunan iri da ranar da zai lalace. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, tare da Cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu, za su iya gwada ire-iren tumatir da tattasai da attarugu a fadamun Gulbin Rima da bazara, su fitar da sakamakon cikin Hausa. Ma'aikatar gona ta jiha kuma ta sa malaman gona su riƙa karanta jadawalin zuba iri a gidajen rediyo tun watan Satumba, kafin manoma su ɗaure kuɗinsu su nufi kasuwa.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani manomin lambu,
Jega, Jihar Kebbi.