Siririyar waya ke ƙona haɗin sola

Ranka ya daɗe Edita,

Ina so in ja hankalin masu haɗa sola kan wayar da ke tsakanin batir da inbata. Bolt (ƙarfin da ke tura lantarki) sau amfa (yawan lantarkin da ke bi ta waya) shi ne wat (ƙarfin wutar da na'ura ke ja). Inbata mai jan wat 1,200 kan batir mai bolt 12, amfa 100 take zuƙa; in bolt 24 ne, 50 kacal. Zafin waya kuwa amfa sau amfa ne sau turjiyar wayar (yadda take tare lantarkin da ke wucewa), don haka rabin amfa kan mayar da zafi kashi ɗaya cikin huɗu.

Waya siririya ko doguwa ta fi turjiya: bolt ya zube a hanya, inbata ta yi ta kuka alhali batir cike, robar wayar ta narke. Ga amfa 100, a sa gajeriyar waya mai kaurin 35mm², da fis (mai yanke wuta in amfa ya yi yawa) dab da batir.

Naka,
Mai aikin wayarin, Kano