Ruwan da ke ɗiga daga hanci bayan buguwar goshi ba mura ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinku na lafiya, in yi magana a kan abin da ya kusa raba ni da ƙanena. Ban taɓa jin labarinsa ba sai da ya shigo mana gida, kuma na tabbata masu karatu da yawa haka suke.

Ƙanena ya faɗi daga kan babur, ba hular kwano, goshinsa ya daki kwalta. A asibitin da aka fara kai shi aka wanke raunin, aka yi masa ɗinki a saman gira, aka sallame shi. Goshin ya kumbura suntum, don haka ba wanda ya lura cewa ƙashin ya loɓa ciki. Bayan kwana uku sai wani ruwa garai-garai ya fara fito masa ta hancin hagu kaɗai. Duk sanda ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai ruwan ya riƙa ɗiga a kan yatsunsa. Ya ce yana jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro. Muka ce mura ce. Ni da hannuna na miƙa masa hankici na ce ya fyace, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ba a rufa mako ba zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, kai kamar zai tsage, wuya ya sandare, ko hasken fitila ba ya iya kallo. A babban asibiti aka yi masa hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai, aka ce sanƙarau ne, kuma ruwan nan na ƙwaƙwalwa ne yake yoyo.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zaunar da mu ya yi mana zane a takarda. Ashe a cikin ƙashin goshi, sama da gira, akwai kogo mai iska, galibi biyu, hagu da dama. Ba a haifar jariri da shi, sai wajen shekara 6 zuwa 8 ake fara ganin sa a hoto, yana girma har bayan balaga. Kogon yana da bango biyu. Na gaba mai kauri ne, ba ƙaramin bugu ke fasa shi ba. Na baya kuwa siriri ne, kuma a bayansa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake. Daga ƙasan kogon wata 'yar ƙanƙanuwar hanya ta gangara cikin hanci, ta nan majina ke fita. To, in bangon baya ya fashe, tantanin ya yage, ƙofa ta buɗe ke nan tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa: ruwa ya fito, ƙwayoyin cuta su shiga. Fyace hanci kuma tura iska da ƙazanta yake yi zuwa ciki. Shi ya sa ake hana mai irin wannan rauni fyacewa, in atishawa ta zo masa ya yi ta baki buɗe.

Sai da aka ci ƙarfin sanƙarau ɗin da allurai sannan aka shiga da shi tiyata, tare da likitan ƙwaƙwalwa. An yanka fatar kai daga kunne zuwa kunne ta cikin gashi, don kada tabo ya fito a fuska. Aka cire fasasshen bangon baya, aka ɗinke tantanin, aka kankare duk fatar cikin kogon, aka toshe hanyar da ke zuwa hanci, aka mayar da bangon gaba aka ɗaure da 'yan farantai na ƙarfen titaniyom. Ba kowane rauni ke kaiwa nan ba. Wani yoyon yakan tsaya da kansa cikin 'yan kwanaki in an kwantar da mutum an ɗaga kansa, ana sa masa ido. Wani aikin kuma ta hanci ake yin sa da siririyar kyamara, ba yanka a waje, kamar hanyoyin faɗaɗa mafitar kogon da likitan Jamus Wolfgang Draf ya bayyana a 1991. Amma duk wannan sai an gane matsalar tukuna.

Akwai wani abin da likitan ya ja mana kunne a kai. Wanda goshinsa ya taɓa karyewa, in hanyar majina ta toshe, majinar takan taru a hankali ta zama ƙunshi, tana cinye ƙashi, har ta turo ido ƙasa da waje, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu. Wannan na iya bayyana bayan shekara 10 ko 20, lokacin da an manta da hatsarin. Ko ba buguwa ma, ciwon kogon hanci da ya yi tsanani kan tara mugunya a ƙashin goshi, musamman ga matasa, goshi ya kumbura ya yi laushi. Sunan likitan Ingila Percivall Pott, wanda ya yi bayanin kumburin tun ƙarni na 18, shi ake kiran ciwon da shi har yau. Irin wannan ba ƙurjin da za a matse ba ne, mugunyar na iya ratsawa ciki.

Malam Edita, don Allah ku gayyato likitan wannan fanni ya yi wa jama'a bayani da Hausa. Ina kuma kira ga ma'aikatan ƙananan asibitoci, in an kawo muku wanda goshinsa ya bugu sosai, kada a tsaya ga ɗinkin fata. A tambaye shi ko ruwa na zuba ta hanci, a gaya wa 'yan'uwansa alamomin da za su lura da su, a tura shi inda ake hoton CT. Da an faɗa mana wannan ranar da aka sallame shi, da ba mu kwana da shi a gida ba.

Alhamdulillahi, ƙanena ya koma bakin aikinsa, gashi ya rufe tabon. Sai dai har yanzu ba ya jin ƙamshi ko wari, ko hayaƙi ya cika ɗaki sai ya gani da ido, kuma likita bai yi mana alkawarin zai dawo ba.

Na gode.
Daga mai karanta jaridarku a kullum