Bashin Gida: Mu Daina Ɓoye wa Iyalinmu Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wato bashin da ya yi wa magidanta katutu, da kuma yadda muke tafiyar da ɗan abin da Allah ya hore mana. Ni malamin makaranta ne, na haura shekara ashirin ina koyarwa, ina da mata ɗaya da 'ya'ya shida, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru kafin in gan shi a kan wani.

Ba na musun cewa tsadar rayuwa ce tushen wannan hali. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira dubu a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka sakar wa naira mara a kasuwar canji, darajarta ta zube, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a watan Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma duk magidancin da yake zuwa kasuwa da kansa ya san kwana nawa wannan kuɗi zai yi a gidan da ake ɗora tukunya sau uku. Saboda haka ba zan ɗora wa talaka laifin abin da ba shi ya jawo ba. Sai dai akwai wani ɓangare na matsalar da yake hannunmu, kuma a kansa nake son tsayawa: muna cin bashi a ɓoye, ba ma rubuta shi, kuma mutumin farko da muke ɓoye wa ita ce matar da ke dafa abin da muka ciwo bashin dominsa.

Nawa ya fara ne da littafin mai shagon unguwarmu, inda nake da shafi guda da sunana a sama: sukari, man girki, sabulu, taliya, a biya ƙarshen wata. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da auren babbar 'yata ya taso, na karɓi rance daga ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, ana cira daga albashina tun kafin ya iso hannuna. Da abin da ya rage ya kasa kai ni tsakiyar wata, sai wani abokin aikina ya nuna mini ɗaya daga cikin manhajojin nan na wayar salula da ke ba da rance cikin minti kaɗan, ba jingina, ba mai tsaya maka. Na karɓa, wa'adi ya cika ban da abin biya, na karɓo daga wata manhajar na biya ta farko, kuɗin ruwa kuwa yana ta hawa. Har ta kai ga cewa ranar da alat ɗin albashi ya shigo, kafin in yi sallar la'asar babu abin da ya rage a asusuna sai abin da ba zai sayi buhun masara ba.

Duk wannan lokaci maiɗakina ba ta san komai ba. A ganinta albashina yana nan yadda ta san shi, don haka idan ta ce gas ya ƙare ko takalmin yaro ya tsinke, na hau ta da faɗa, sai ta ɗauka rowa ce ta kama ni ko kuwa ina tara kuɗin ƙarin aure ne. Ita ma, don ta rufa mini asiri kuma ta fita kunyar dangi, ta shiga adashi biyu a lokaci guda, ta kuma karɓi atamfar anko har sau uku a hannun dillaliya, ana biya kaɗan-kaɗan. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, kowa yana haƙa nasa ramin ba da sanin ɗan'uwansa ba.

Asirin ya tonu ne wata safiyar Asabar. Ina zaune a tsakar gida ta miƙo mini wayarta ba ta ce uffan ba. Saƙo ne yayanta ya turo mata, wanda masu manhajar suka aika wa duk lambobin da ke cikin wayata, da sunana da hotona, suna cewa ni macuci ne mai gudun biyan bashi. Surukina ya samu, shugaban makarantarmu ya samu, har limamin masallacinmu ya samu. Na san cewa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya ta fara farautar irin waɗannan kamfanoni tun 2022 saboda wannan ɗabi'a ta tozarta mutane, kuma ina yaba mata, amma mutuncin da ya zube a gaban suruki babu hukumar da za ta kwaso maka shi.

A daren ranar, bayan yara sun kwanta, ta ɗauko wani littafin rubutu na ɗanmu da ya rage da shafuka, ta ce, "Malam, faɗa mini duka, ni ma in faɗa maka nawa." Muka rubuta sunan kowa da abin da yake bin mu da ranar da aka yi alkawarin biya. Mutum goma sha ɗaya muka lissafa, jimillar kuɗin kuma ta haura albashina na wata biyar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ni kaina ban taɓa sanin jimillar ba, domin kullum ina kauce wa haɗa lissafin, kamar mai ciwon da ke tsoron zuwa asibiti kada a faɗa masa sunan cutarsa. A nan na tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da wa'adinsa da shaidunsa, ƙarami ne ko babba. Kowace shekara muna jin fassararta a tafsirin watan azumi, amma idan ɗan'uwanka ya ba ka rance ka ce a rubuta, sai ya ce, "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?"

Ga yadda muka tsara biyan, ko wani zai amfana. Mun fara da bashin da ke da kuɗin ruwa, domin shi ne yake girma ko kana barci, ga shi kuma riba ce da addini ya haramta. Na sayar da babur ɗina na rufe shi gaba ɗaya, na koma zuwa makaranta a ƙafa, na goge manhajojin daga wayata. Daga nan sai masu ƙaramin jari: mai shago, mai gawayi, mai kemis da dillaliya, domin kuɗin da na riƙe musu shi ne jarinsu, kuma su ma ana bin su a kasuwa. 'Yan'uwa da abokai muka bari a ƙarshe, amma ban bar su cikin duhu ba. Na taka da ƙafata na je wurin kowanne, na faɗa masa halin da nake ciki da abin da zan iya ba shi duk wata. Na ga abin da ban zata ba: babu ko ɗaya da ya ci mutuncina, biyu ma sun yafe wani ɓangare. Mai shagonmu, wanda na yi wata uku ina canza hanya don kada mu haɗu, ya ce mini, "Malam, ba kuɗin ne suka fi damuna ba, guduna da kake yi ne." Allah ya umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma ta yaya zai jinkirta wa mutumin da ya daina ɗaga wayarsa?

Game da kasafin gida kuwa, babban sauyin da muka yi shi ne na daina ba da kuɗin cefane kullum safiya. Ranar da albashi ya shigo muna zama tare, mu fara ware na bashi, sannan na hatsi, sannan kason kuɗin makaranta da na haya, waɗanda a da nake bari sai zangon karatu ya zo ko mai gida ya aiko sannan in fara neman inda zan ranta. Abin da ya rage ina damƙa mata na mako guda, kuma na tabbatar ta fi ni sanin yadda ake juya shi nesa ba kusa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce ta kawo shawarar mu haɗa kuɗi da maƙwabta biyu mu sayi masara da gero da wake buhu-buhu a lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke araha a kasuwannin ƙauye da irin su Dawanau, maimakon awon mudu-mudu a tsakiyar damina lokacin da farashi ya kai ƙololuwa. Littafin nan kuma bai bar ni ba ni ma, domin da muka rubuta abin da nake kashewa a katin waya da shayin majalisa da 'yan kyaututtukan da nake yi don a ce Malam mai hannu sake ne, sai na ga sun kusa kai kuɗin makarantar yaro guda. A shekarar farko ban yi layya ba. Na ji nauyin abin a ranar sallah, amma layya a kan mai hali take, kuma ban ga dalilin ranto rago ina kallon idon mai gawayi da nake riƙe da kuɗinsa ba.

Sha'anin biki shi ne ƙofar da bashi ya fi shigowa ta cikinta, kuma a nan dukkanmu muna da laifi, maza da mata. Lefe akwati bisa akwati, kayan ɗaki na kece raini, gara, anko kala-kala, kamu, liyafa a ɗakin taro na haya, duk a kan mutumin da albashinsa bai isa cin wata ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya guda ce, alhali kuwa shi ɗan kasuwa ne. Rancen da na ci don auren 'yata ban gama biyansa ba sai da ta yaye ɗanta na fari, kujerun da aka saya da shi kuwa tuni suka fara yagewa. Ƙanwarta da ke tafe mun riga mun zauna da ita da mahaifiyarta, mun faɗa mata iyakar abin da za mu iya.

Na san wasu magidanta za su ce sirrin namiji aljihunsa, kuma idan mace ta san abin da kake samu buƙatunta za su ƙaru, musamman a gidan da ke da kishiyoyi. Ban ce kowace mace ɗaya ba ce, kowa ya san halin iyalinsa. Amma abin da na gani da idona shi ne, matar da ba ta san lissafi ba tana yin buƙata ne gwargwadon abin da take zato kana da shi, zato kuwa kullum ya fi gaskiya yawa. Sannan akwai mutuwa, wadda ba ta sallama. Sau nawa muka tsaya a jana'iza aka yi sanarwa cewa duk mai bin mamaci bashi ya ga wane, sai ga mutane suna ta zuwa da maganar da babu takarda babu shaida, matar tana cikin takaba ba ta san na gaskiya ba balle na ƙarya? Shari'a ta ce ba a raba gado sai an biya bashi, kuma ya tabbata cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wanda ya bar wa iyalinsa rubutaccen lissafi ya sauƙaƙa musu, ya kuma sauƙaƙa wa kansa kwanciyar kabari.

Ina kira ga limamanmu da su riƙa ware huɗuba a kan ladubban cin bashi da biyansa, kamar yadda suke yi wa azumi da aikin hajji. Ina kuma tunatar da masu fitar da zakka da hukumomin da ke rarraba ta, irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, cewa waɗanda bashi ya yi wa nauyi suna cikin rukuni takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma da yawansu ba za su taɓa zuwa su yi layi ba, domin sanye suke da wankakkiyar riga suna zuwa ofis kullum. Sai an neme su ta hannun masu unguwanni da limamai. Kai kuma, ya Edita, da za ka buɗe wani ɗan shafi na mako-mako da zai riƙa kawo farashin hatsi da kayan masarufi daga manyan kasuwanninmu, da ka taimaki magidanta irina wajen sanin lokacin saye da lokacin haƙuri.

A yanzu mutum biyu suka rage a cikin sha ɗayan nan, kuma idan Allah ya kai mu kaka mai zuwa ina sa ran soke sunan na ƙarshe. Littafin yana cikin akwatin maiɗakina, ita ke riƙe da makullin.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Kano.